Yadda za ka canza sistem ɗin kamfani ba tare da ka tsayar da kasuwa ba

Duk mai asusun banki a Najeriya zai tuna ƙarshen 2024, lokacin da manyan bankuna da dama suka canza babban sistem ɗin da suke aiki da shi kusan a jere. Ka tura kuɗi an cire maka amma bai je ba, manhaja ta ƙi buɗewa, ka je reshe ka tarar da layi har waje, su ma ma'aikatan ido kawai suka zuba wa kwamfuta. Kuma ba mu kaɗai abun ya taɓa samu ba. A watan Afrilu na 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan kwastomominsa sama da miliyan 5 daga tsohon sistem ɗin bankin Lloyds zuwa sabon da Sabadell, bankin Sifaniya da ya saye shi, ya gina masa, duk a ƙarshen mako ɗaya. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma da suka shiga sai suka ga asusun wani. Abun ya ci wa bankin kusan fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester ya sauka a watan Satumba, sannan a 2022 hukumomi suka ci shi tarar sama da fam miliyan 48.

Ni aikina kenan, ina taya kamfanoni ƙaura daga tsohon sistem zuwa sabo, galibi masu rarraba kaya da 'yan masana'antu da ke son shiga ERP, wato manhaja ɗaya da za ta riƙe sito da ciniki da lissafi da albashi. Abun da na fahimta kuma shi ne rikitarwar ba daga sabuwar manhaja take zuwa ba, tana nan kwance a cikin kamfanin tun tuni, a cikin kawunan mutane da fayil ɗin Excel da "haka muka saba yi", sabon sistem kawai tono ta yake yi. Don haka aikin tsari shi ne ka nemo ta tun da wuri, ka zubar da wadda za ta zubu, wadda ta rage ka killace ta gida-gida yadda idan ɗaki ɗaya ya kama wuta ba zai cinye gidan ba. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko, kar ka fara da siyayya, fara da yawo. Kafin a kira ɗan kwangila ko a kalli demo na kowa, ɗauki littafi da biro ka bi oda guda ɗaya da ƙafarka, tun daga lokacin da kwastoma ya bugo waya har kuɗi ya shiga asusu. Ba a ɗakin taro ba fa, don abun da manaja zai zana maka a allo shi ne yadda ya kamata a yi aikin, ba yadda ake yin sa ba.

Na taɓa yin wannan a wani kamfani mai rarraba kayan masarufi. A takarda tsarin a miƙe yake: a rubuta oda, akawu ya tabbatar an biya, a fitar da takardar ɗaukar kaya, sito ya loda. Da na je sito da sassafe sai na tarar mota biyu sun riga sun fita alhali ko ofis ba a buɗe ba. Na tambayi dattijon da ke riƙe da siton, sai ya jawo wani dogon littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur, gefensa duk ya naɗe, ya ce "Malam, waɗannan manyan dilolinmu ne, in suka jira ofis kasuwa ta wuce su, Alhaji ne ya ce in dinga ba su, da yamma a shigar." Na ce "Baba, to in ɗayansu bashinsa ya yi yawa fa?" Ya nuna min wasu sunaye da ya ja wa jan layi, ya ce waɗannan sai ya ji daga bakin Alhaji. Wato kaso mai tsoka na cinikin kamfanin, da duk tsarin ba da bashinsa, suna cikin littafin nan ne, kuma babu wanda ya ambace shi a tarukan da muka yi a sama. Da mun kunna sistem ɗin da ba ya barin kaya su fita sai an ga biya, ranar farko za mu kori manyan kwastomomin kamfanin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abun da za ka fito da shi daga yawon nan takarda ce guda, ba kundi ba. Jera duk wani abu da ke riƙe bayani: manhajoji, fayil ɗin Excel, littattafai, har guruf ɗin WhatsApp da ake turo oda. Gaban kowanne ka rubuta waye mai shi, me yake karɓa daga ina, me yake miƙa wa wa, kuma me zai tsaya idan ya mutu yau. In ka ga layin da babu wanda ya iya amsa tambayar ƙarshe, ja masa layi, nan ne zai cije ka.

Mataki na biyu shi ne tankaɗe, kuma a ganina nan ake cin yaƙin ko a faɗi. Tun 1986 masanin kwamfuta Fred Brooks ya raba rikitarwa gida biyu: wadda ke cikin asalin aikin ba yadda za ka yi da ita, da wadda mu muka ƙirƙiro wa kanmu saboda kayan aiki ko yadda muka bi. Haraji, dokar CBN, kayan da ke da ranar lalacewa, bashin diloli, waɗannan na dole ne. Amma sa hannun mutum biyar kafin a sayi tawadar firinta, ko rahoto 40 da ake fitarwa duk wata ba wanda ke buɗe rabinsu, wannan kayan gado ne. Duk wata ƙa'ida da ka ci karo da ita yi mata tambaya uku: doka ce ta tilasta? Ita ce ke sa kwastoma ya zaɓe mu ya bar wasu? Ko dai kawai haka muka tarar? Ta farko a ɗauke ta yadda take, ta biyu a zauna a yi mata tsari mai kyau, ta uku a bar ta a tsohon gida.

Dalilin da ya sa nake matsawa a nan shi ne duk manhajar da ka sayo tana zuwa da nata tunanin yadda ya kamata kasuwanci ya gudana, kuma duk inda ka lanƙwasa ta don ta bi al'adarka, ka ɗauko wa kanka bashin da za ka dinga biya duk sanda aka fito da sabon juyi, wato sabon samfurin manhajar. Lidl, babban kamfanin kantuna na Jamus, ya fara aikin komawa manhajar ERP ta kamfanin SAP a 2011. Su Lidl sun saba lissafin kayan sito da farashin da suka sayo, ita kuwa manhajar an gina ta kan farashin sayarwa, maimakon su canza sai aka dinga gyara manhajar tana ƙara nauyi tana ƙara tsada, har a 2018 suka yi watsi da aikin bayan kashe kusan yuro miliyan 500, suka koma tsohon sistem ɗinsu. Ba ina cewa laifi ne su riƙe tsarinsu ba, wataƙila ma shi ne ƙarfinsu. Kuskuren shi ne irin wannan saɓani na tushe a watan farko ake gano shi a yanke hukunci, ko mu canza ko mu nemi wata manhajar, ba bayan shekara bakwai ba.

Shawarata: ka bi yadda manhajar ta zo a komai, in ban da abu biyu ko uku da su ne ainihin sana'arku. A kamfanin can mun riƙe fitar da kaya da asuba, muka gina masa hanya a cikin sistem da iyakar bashi ga kowane dila, jan layin Baba ya koma ƙa'idar da kwamfuta ta sani. Sauran buƙatun gyara da aka kawo yawancinsu mun ƙi. Kuma kowane hukunci irin wannan a rubuta shi a shafi ɗaya, me aka yanke, me ya sa, wa ya amince, don wallahi bayan wata takwas za a samu wanda zai ce shi bai san da maganar ba, a koma tufka da warwara.

Mataki na uku, ja iyakoki. Ƙa'idar farko: kowane bayani gidansa ɗaya. Sunan kwastoma da lambarsa wuri ɗaya ake ƙirƙira ake gyarawa, farashi wuri ɗaya, adadin kaya a sito wuri ɗaya, saura duk karantawa kawai suke yi daga can. Da zarar an ce ana iya gyara farashi a wuri biyu, to an buɗe ƙofar ranar da rasit zai faɗi abu ɗaya lissafin akawu ya faɗi wani, kowa ya rantse nasa ne daidai.

Ta biyu, kar ka bari kowane sistem ya dinga magana da kowane kai tsaye. Yi lissafin da kanka: sistem 6 in kowa zai haɗu da kowa hanyoyi 15 kenan, in suka kai 10 hanyoyin sun zama 45, kuma kowace hanya wuri ne da abu zai iya karyewa cikin dare ba wanda ya sani. Rage su. Kowane ɓangare ya samu ƙofa ɗaya da ake shiga masa, abun da masu fasaha ke kira API, a rubuta me ake miƙawa, da wane fasali, kuma me zai faru in ɗaya ɓangaren bai amsa ba. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa kuma a wajenmu shi ya fi muhimmanci, don netwok zai ɗauke, wuta za ta ɗauke, janareta zai ƙi tashi. In reshenka na wani gari ya yi awa uku babu intanet, ciniki zai tsaya ne ko zai ci gaba ya turo daga baya? In ya turo oda ɗaya sau biyu saboda an sake dannawa, sistem zai gane ko zai cire kaya sau biyu? Kuma haramta wa kowa shiga rumbun bayanan wani ɓangare ta baya don "ya fi sauri", irin wannan gajeriyar hanya ita ce ke ɗaure sistem biyu har a kasa taɓa ɗaya ba tare da ɗayan ya faɗi ba.

Akwai kuma abun da masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura da shi tun 1968, cewa tsarin da ƙungiya ta gina yana ɗaukar kamar yadda mutanenta ke magana da juna. Na gani da idona. In sashen ciniki da sashen kuɗi ba sa ga maciji, haɗin manhajojinsu ma haka zai fito, kowa ya gina nasa ya jefa wa ɗan'uwansa ta katanga. Shiyasa kowane yanki da ka ja wa iyaka sai ka ba shi mutum ɗaya daga cikin kamfani, ba daga ɗan kwangila ba, mai ikon cewa eh ko a'a a ranar. Kwamiti ba ya iya wannan.

Mataki na huɗu, wanke data, kuma a fara shi tun ranar farko, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan aikin ba shi da armashi, babu oga da ke son jin labarinsa a taro, amma ya fi komai cin lokaci. Za ka buɗe jerin kwastomomi ka tarar mutum ɗaya an shigar da shi sau huɗu, nan Alh. can Alhaji, nan Muhammad can Mohammed can Muhammadu, kowanne da nasa bashin. Za ka tarar kaya ɗaya wani reshe yana ƙirga shi da katan wani da dozin wani da guda, wasu lambobin waya da sifili a gaba wasu Excel ya cinye sifilin, kwanan wata wani ya fara da rana wani da wata. Kwamfuta ba za ta warware maka ko waɗannan huɗun mutum ɗaya ne ba, sai wanda ya san su, don haka ka nemi a sakar maka ma'aikaci ɗaya daga ciniki da ɗaya daga sito su zauna kan aikin, a rage musu wani aikin, ba a ce su yi bayan an tashi ba.

Kar ka kwashi komai. Kwastomomin da ke ciniki yanzu, kayan da ke sito yanzu, basussukan da ba a biya ba, da ragowar kowane asusu, su ne za su ƙaura. Tarihin shekara goma ya zauna a ma'ajiya inda za a iya dubawa in buƙata ta taso. Sannan duk gwajin kwasa da ka yi sai ka daidaita lissafi: jimlar bashi a tsoho da sabo, jimlar kaya, adadin layuka, har kwabo. In akwai bambancin naira ɗari kar a ce ƙaramin abu ne, wataƙila manyan kurakurai biyu ne suka kusa share juna. Ka kuma tuna tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, bayanan kwastoma ba abun da za a zuba wa ɗan kwangila a filash ya tafi da shi gida ba ne, in gwaji za a yi a ɓoye sunaye da lambobi.

Mataki na biyar, ƙaura kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda cediya ko gamji ke tsirowa a jikin wata bishiya, ta sauko da saiwa a hankali, ta nannaɗe ta, shekaru na tafiya har wata rana ka duba ka ga tsohuwar ta tafi sabuwa ce a tsaye, kuma inuwa ba ta taɓa yankewa ba. Irin wannan bishiyar masanin manhaja Martin Fowler ya gani a dajin Ostireliya, ya ari sunanta a 2004 ya ba wa wannan salon ƙaura. Kana gina sabon a gefen tsohon, kana karkato aiki ɗaya-ɗaya zuwa gare shi har tsohon ya zama babu abun da yake yi.

A aikace, zaɓi yadda za ka yanka: ko reshe-reshe, ko aiki-aiki, ko rukunin kwastoma. Ni na fi son farawa da reshe ɗaya, ba mafi girma ba don faɗuwarsa za ta yi zafi, ba kuma mafi ƙanƙanta ba don ba zai koya maka komai ba, matsakaici wanda manajansa ke son abun kuma kana iya zuwa da mota ka dawo a yini. Bar shi ya rufe lissafin wata ɗaya cikakke a sabon sistem kafin ka taɓa na biyu, saboda rufe wata ne ke fito da ɓoyayyun matsaloli. Gaskiya wannan hanyar tana da nata tsadar, za ka riƙe sistem biyu na wani lokaci, ka gina gadar wucin gadi tsakaninsu wadda ka san za ka rushe, ma'aikata su gaji. Oga zai ce me zai hana a yi gaba ɗaya a huta. Sai ka ba shi labarin Hershey, kamfanin cakulan na Amurka, da ya matse aikin shekara huɗu zuwa wata 30, ya kunna manyan manhajoji uku lokaci guda a watan Yuli na 1999, daidai lokacin da odar bikin Halloween, da ake yawan sayen alewa da cakulan, ke shigowa, kaya na nan jibge a sito amma aka kasa kai odar kusan dala miliyan 100. Taura biyu ba ta taunuwa balle uku. Kai ma duba kalandarka, kar ka sa ranar ƙaura gab da azumi ko sallah in kayan abinci ko sutura kuke sayarwa, ko ƙarshen wata, ko ƙarshen shekarar lissafi, ko lokacin kaka in amfanin gona kuke saye.

Mataki na shida, gwaji da hanyar komawa. Yi atisayen ranar ƙaura aƙalla sau biyu daga farko har ƙarshe, da agogo a hannu, da jerin ayyuka da ke nuna wa zai yi me da ƙarfe nawa. Gwada da yawan aikin ranar da kasuwa ta fi cika, ba na ranar Lahadi ba. Zare wayar intanet da gangan ana tsakiyar shigar da oda ka ga me zai faru. Kuma ka gwada ainihin inda za a yi aikin, dukkansa: binciken da aka yi bayan rikicin TSB ya nuna cibiyoyin ajiyar bayanai biyu aka gina, amma wani muhimmin gwaji a ɗaya kawai aka yi shi. Haka Knight Capital, kamfanin cinikin hannun jari a Amurka, an ɗora sabon juyin manhaja a sabar bakwai, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da ita, aka manta ta takwas, ranar 1 ga Agusta 2012 cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. Shiyasa duk abun da za a iya sa na'ura ta yi wajen ɗora sabon juyi a bar mata, wanda dole sai da hannu kuma mutum na biyu ya duba.

Tun kafin ranar, lokacin da hankalin kowa ke kwance, a rubuta sharuɗɗan ci gaba ko fasawa, misali in lissafi bai daidaita ba zuwa ƙarfe kaza mun fasa, kuma a faɗi sunan wanda zai yanke. In ba a rubuta ba, ƙarfe uku na dare kowa ya gaji an riga an sanar wa duniya, babu mai ƙarfin halin cewa a tsaya. Hanyar komawar ita ma a gwada ta, a kuma san daidai lokacin da take rufewa, don da zarar an fara shigar da sabon ciniki a sabon sistem komawa baya ta zama wata ƙaurar daban.

Maganar ɗan kwangila a taƙaice: ɗaura biyan kuɗi da abun da ke aiki a hannun ma'aikatanka, ba da takardun da ya miƙo ba, kuma duk sabon abun da wani ya roƙa a ƙara a rubuta kuɗinsa da kwanakin da zai ci kafin a amince. In aiki ya makara kar ka yi saurin cewa a ƙaro mutane, Brooks ɗin nan tun 1975 ya nuna hakan ƙara makarar da shi yake yi, don tsofaffin za su bar aiki su koma koyarwa. Rage abun da za a yi ya fi. Horo kuma a yi shi gab da ranar, da bayanan reshensu da suka sani, a kan teburinsu, sannan makon farko a samu wanda zai zauna tare da su a sito da kanta, ba lambar waya kawai ba.

Saura kashe tsohon, wanda da yawa ba sa yi, sai ka dawo bayan shekara biyu ka tarar ana biyan lasisi biyu kuma wani sashe har yanzu a tsohon yake aiki a ɓoye. Sa rana tun farko a cikin tsarin aikin, da kuɗinta a bajet. Ranar da reshe ya ƙaura, mayar da tsohon sistem ɗinsa na karatu kawai, ba a iya shigar da komai. Duba wa ke shiga har yanzu ka je ka tambaye shi me yake nema, sau da yawa wani rahoto ne ɗaya da sabon bai ba shi ba, a yi masa. Bayan an rufe lissafin wata uku lafiya, ɗauki kwafin bayanan gaba ɗaya, gwada cewa kwafin yana buɗewa, ajiye shi wuri biyu, rushe gadojin wucin gadin nan ɗaya bayan ɗaya, soke lasisi, sannan a kashe sabar. Littafin Baba kuwa mun roƙe shi ya ci gaba da rubuta shi tare da sabon sistem har wata biyu, duk yamma ana gwada su, sai da muka yi sati uku a jere babu bambancin katan ko ɗaya sannan aka kai shi ofishin akawu aka kulle a durowa.